Layin da Yaya Ya Mayar Ƙasa

A shekarar da aka ɗauke mana sabis ɗin waya a Maiduguri, mu biyu muka rage a gidanmu na Abbaganaram, ni da Iya. Ta ukunmu, in za a lissafa da ita, tsohuwar kwamfutar tebur ce da na ajiye a ɗakin Baba, wadda fankarta ke ƙara kamar injin markaɗe. Ina koyar da kwamfuta a wata 'yar makaranta a Hausari, amma a lokacin ranakun da muke rufe sun fi na buɗewa yawa, don haka yawancin yinina a gaban wannan tsohuwar nake yin sa, muddin rana ta cika batirin solarmu.

Baba malami ne. Shekara da shekaru yana ba da karatu a zauren gidanmu bayan la'asar, ya karanto da Larabci ya fassara da Kanuri, masu sauraro kuma suna ɗauka a kaset. Ba zan faɗi yadda ya rasu ba. Duk wanda ya zauna a garin nan a waɗancan shekarun ya san yadda malamai suka riƙa rasuwa, kuma ba zan ba waɗanda suka yi hakan ko layi ɗaya a rubutuna ba. Abin da ya bar mana gida ne, da littattafai, da kwalayen kaset da zafin Borno ya fara narkarwa.

Ni da Yayana, wanda shi ya fara koya mini rubuta manhaja, muka ɗauki aikin kwashe kaset ɗin zuwa kwamfuta. Muka rubuta 'yar manhajarmu da ke tara su duka a fayil guda, wanda muke kira kundi, yadda in ka ce mata kaset kaza, za ta nemo shi ta kunna. Tun farko mun yi shawarar ta zama mai aiki a kan kowane irin inji, sabo ko tsoho, domin ɗaliban Baba ba masu hali ba ne, abin da suke da shi ke nan za su kunna ta a kai. Iya ta mayar da ita abokiyar la'asar. Takan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Baba, ta kunna turaren wuta, ta ce in sa mata daga inda muka tsaya jiya.

Bayan rasuwar Baba, Yaya ya fara samun saƙonnin barazana irin waɗanda ba a raina su. Ya kwashe matarsa da 'ya'yansa ya koma Abuja, ban kuma taɓa ganin laifinsa a kan wannan ba. Ya tafi da kwalin ƙarshe, na shekarar Baba ta ƙarshe, saboda rediyon kaset ɗinsa ya fi nawa lafiya. Abin da ban yafe masa da wuri ba shi ne, tun da ya sauka can ya fara magana a kan garinmu kamar wanda ya riga ya halarci jana'izarsa.

Da babu waya, hanyar maganarmu ta koma filash. Akwai wani maƙwabcinmu direba da ke bin hanyar Damaturu, shi ke kai wa ya kawo. Yaya yakan ɗauki muryarsa ya saka a ciki, mu saurara, mu ma mu ɗauki tamu mu mayar. Gardamar da a da muke gamawa kafin shayi ya huce, yanzu sai ta ci mana makonni. Kowane saƙonsa da abu ɗaya yake ƙarewa: ku taho. Iya kuma da abu ɗaya take ba shi amsa, cewa a gidan nan aka kawo ta amarya, daga nan kuma za a fitar da ita.

Wata rana direban ya kawo filash mai nauyi. Yaya ya gama kwashe kwalin ƙarshe, ya haɗa sabon kundi da ya ƙunshi komai, ya kuma sake gyara manhajar don ta karanta sabon tsarin da ya yi masa. Iya ta yi wanka, ta ɗaura lafayarta mai kyau kamar za ta biki. Ba ta ji karatun wannan shekarar ba tun ranar da aka yi shi tana cikin gida tana jiyowa ta katanga. Na haɗa manhajar a kan tsohuwar, ba ta yi ƙorafin komai ba. Na nemi kaset na farko a cikin sababbin.

Muryar Baba ta fito, amma ta ƙuruciyarsa ce, yana buɗe karatun farko na kaset na farko, wanda muka ji har mun haddace tarinsa. Na ɗauka hannuna ne ya zame. Na sake nema, ta sake komawa can. Na gwada na gaba, da na gabansa, da na can ƙarshe, duk ɗaya. Tsofaffin kaset kuwa lafiya lau suke fitowa. Iya ta zauna har turaren ya cinye, sannan ta naɗe tabarmarta ta shiga ɗaki, ta bar ni da kunya da haushi.

Na aika wa Yaya bayani. Amsarsa ta zo cikin wannan muryar tasa ta babban wa, mai taushi da raini a haɗe. Ya ce a kan laftof ɗinsa komai na tafiya daidai, ya saurari kwalin duka har ya yi kuka. Ya ce injina ne ya tsufa, zafi ya dafa shi, masu rubuta manhaja a duniya ma sun fara daina kula da irinsa. Sai ya juya ga Iya da Kanuri, ya ce mata in tana so ta ji Baba, ta zo, zai kunna mata tun daga safe har yamma a ɗaki mai sanyi. Ya ce zai taho da mota da kansa.

Na saba Iya ta yi tsaki a daidai wannan wurin. Ran nan ba ta yi ba. Washegari na tarar ta sauko da akwatinta na ƙarfe daga saman kabad tana goge shi. Tsoron bindiga bai ɗaga ta ba, dokar hana fita ba ta ɗaga ta ba, amma muryar mijinta za ta ɗaga ta. Na san kuma in ta fita daga gidan nan, ni ma dole in bi ta, a garƙame ƙofa, kuma gidan da aka garƙame a unguwarmu a lokacin ba ya daɗewa yana na masu shi.

Na ce mata, "Iya, ki ba ni lokaci. Ba injin ba ne."

Ta ce, "Ke da yayanki kun fi ni sani. Ni dai ina so in ji shi kafin in bi shi."

Ban yarda injin ba ne, kuma ba don taurin kai kawai ba, ko da yake ina da shi daidai gwargwado. Injin da ya lalace hauka yake yi, yau ya yi nan gobe ya yi can. Wannan kuwa kuskurensa mai ladabi ne, kullum a wuri ɗaya, kullum iri ɗaya. Na duba girman kundin, cif yake da abin da Yaya ya aiko, wajen gigabait uku. Na bi kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya ina neman inda cutar ta fara. Duk wanda ke zaune kafin gigabait biyu yana fitowa, duk wanda ya haye nan sai a mayar da ni farko. Da na ga haka na san igiya ce ta gaza.

Ga wanda bai taɓa rubuta manhaja ba, abin ba shi da wuya. Kundin kamar rijiya ne, manhajar kuma tana zura guga zuwa zurfin da kaset ɗin da ake nema yake. Tsofaffin injuna irin nawa, in ba a ce musu komai ba, gajeriyar igiya suke ɗauka, wadda iyakarta gigabait biyu. Sababbi irin na Yaya da doguwa suke zuwa tun daga kamfani. Mun san da wannan tun ranar da muka fara, shi ya sa muka yi wani ɗan fayil mai suna config.h, wanda aikinsa ke nan ya faɗi halin injin da aka sauka a kai. A cikinsa muka kafa makro, wato alama ce kawai, mai cewa a ɗauki doguwar igiya ko da injin tsoho ne. Na buɗe shi na duba. Alamar tana nan daram, babu wanda ya taɓa ta.

Nan na tsaya cak na kwanaki. Batiri ya cika in zauna, ya sauka in tashi in hau tukunya. Wani lokaci ana cikin aiki a jiyo ƙara daga wata kusurwar gari, mu yi shiru, mu saurara ko tana matsowa, sannan kowa ya koma abin da yake yi. Iya tana ta ninke zannuwanta tana jerawa a akwati, tana raba kwanukanta ga maƙwabta. Duk kwanon da ya fita ƙofar nan sai in ji kamar ni aka mara.

Abin da ya buɗe mini ido ƙaramin gwaji ne, irin wanda nake sa ɗalibaina su yi. Manhajar tamu fayil-fayil ce, kowane da aikinsa. Ɗaya yana buɗe kundin, ɗaya yana zura gugan, ɗaya yana fitar da murya. Na sa kowannensu ya faɗa mini tsawon igiyar da ke hannunsa. Mai buɗewa ya ce doguwa. Mai fitar da murya ya ce doguwa. Mai zura guga, wanda shi kaɗai ne igiyar ta dama, ya ce gajeriya. Manhaja ɗaya, inji ɗaya, alama ɗaya, amma ɗaya daga cikinsu bai ji saƙon ba.

Na haura saman wannan fayil ɗin, wurin da ido ke tsallakewa saboda an saba da shi. A saman kowane fayil akwai layukan kira, masu janyo wasu fayiloli da ake ce wa heda. Yawancinsu na tsarin kwamfutar ne, da su ta zo. A sauran fayilolin, layin da ke kiran config.h shi ne na farko, yadda muka bar shi tun da. A wannan kuwa, da yake Yaya ya sake rubuta shi, ya yi masa kwalliya. Ya jera hedojin tsarin a sama, bi da bi kamar sahun salla, ya bar fili, sannan ya sa namu a ƙasa. Har da ɗan rubutu a gefe da Hausa: manya a gaba, ƙanana a baya.

Na yi dariya har Iya ta leƙo, sannan na ji raina ya ɓaci. Wannan Yaya ne sak. Shi ne wanda in mun shiga gaida dangi a Shehuri yake jera mu bisa shekaru a ƙofar zaure, ya hana ni gaisawa sai ya gama. Tarbiyyar Baba ce, ya ɗauke ta har cikin kwamfuta. Abin da ya manta shi ne, a gidan Baba ɗin ma, in babban baƙo ya zo, ba shi ke fara shiga ba. Ƙaramin gida ake turawa ya yi masa iso, ya faɗi halin da ake ciki. Hedar tsarin sau ɗaya take duba ko an kafa alamar, a lokacin da aka fara kiranta. In ta tarar da ita ta ɗauki doguwar igiya. In ba ta tarar ba ta ɗauki wadda injin ya saba da ita, ta yanke hukunci ke nan, duk wanda ya zo daga baya da bayani ya makara. A kan laftof ɗin Yaya babu bambanci, tunda can igiyar doguwa ce ko an faɗa ko ba a faɗa ba. A kan nawa, gugan ya kasa kaiwa, manhajar kuma ba ta duba ko ya kai ba, sai ta kunna daga inda take tsaye, wato farkon kundi.

Na ɗauke layin na mayar da shi saman kowa. Na sake haɗawa. Na nemi kaset na farko a cikin sababbin, sai ga muryar Baba ta tsufa, mai ɗan rawa, tana sallama. Na kashe da sauri, don ban ga ya dace in riga Iya ji ba. Na fita tsakar gida na ce mata an samu, ta zo.

Ta dube ni, ta dubi akwatin. Ta ce tunda Yaya yana hanya, a bari ya iso a ji tare. Ta kuma ci gaba da ninke zanenta. Na yi zaton da na gyara shi ke nan na ci nasara, ashe wanda ya riga ya ɗaure kaya ba ya kwancewa don an ce masa inji ya tashi. Kwanakin da suka biyo baya ban yi mata maganar kirki ba, ita ma ba ta neme ni da ita ba.

Yaya ya iso wata rana da hantsi, ya rame, idonsa ja saboda shingayen hanya. Iya ta yi ta yi masa lale da wushe, gaisuwarmu ta Kanuri, ta zuba masa burabisko. Bai gama ci ba ya ciro laftof ɗinsa ya ce bari ya cika alkawari. Na ce masa ya mayar da shi jaka, a gidan nan da injin gidan nan za a ji. Ya ce in daina rigima. Na ja shi ɗakin Baba na nuna masa layin, da ɗan rubutunsa na manya a gaba, wanda da gangan na ƙi gogewa.

Ya daɗe yana kallo. Yaya ba ya musun abin da ya gani da idonsa, wannan na ba shi. Ya shafa gemunsa ya ce laifinsa ne, kuma ya kamata a duba ko gugan ya kai kafin a kunna. Sai ya juyo.

"To, kin yi gaskiya, ƙanwata. Injinki lafiyarsa ƙalau. Layin nan naki zai tare harsashi?"

Na ce masa kawai ba injina ne ya mutu ba, kuma garina ma bai mutu ba, shi ne ya rubuta abu a inda komai ke da sauƙi ya manta da waɗanda ya baro. Na faɗa da zafi fiye da yadda ya kamata a yi wa babban wa, ya kuma haɗiye.

Iya ta ce ba a ƙofar ɗaki za ta ji wannan ba. Muka ja waya muka kai sifika zaure, inda ba a ƙara zama ba tun rasuwar. Ta ce a sa mata na can ƙarshe. Muka zauna mu uku a kan tabarma ɗaya, akwatinta na jingine a bakin ƙofa, direban da Yaya ya zo da shi yana jira a mota.

Karatu ne irin na kullum, babu wasiyya a ciki, babu bankwana, don Baba bai san na ƙarshe ba ne. Yana bayani a kan hukuncin alwala, yana tsokanar wani tsoho da ke gyangyaɗi. Amma a bayan muryarsa gidan ne gaba ɗaya. Ga kukan ƙyauren ƙarfenmu da har yau ba a sa masa mai ba, ga kurciyoyin bishiyar dogon yaron tsakar gida, ga tabarya daga gidan maƙwabta. Muna zaune muna jin su a sifika, muna kuma jin wasunsu a waje, har ka rasa wanne ne na yanzu. Can wajen tsakiya tari ya sarƙe shi. Ya dakata, ya ɗaga murya da Kanuri ya ce a miƙo masa ruwa daga ciki.

Iya ta amsa. Ba ta kaset ba, ta kusa da ni. Ta ce na'am, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shige cikin gida. Muka ji ta buɗe randa. Ni da Yaya ba wanda ya iya kallon wani. Ta dawo da kofin silba cike, ta tsaya a tsakiyar zaure tana duban buzun Baba da babu kowa a kai, a sifika kuma Baba yana cewa madalla, ya ci gaba da karatunsa.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juya ta miƙa wa Yaya kofin.

"Sha, ka kama hanya da sauran rana, kafin a rufe. In ya kira a can, wace randa zan buɗe?"

Yaya ya shanye ruwan, yana kuka ba ya ɓoyewa. Ya roƙe ta sau ɗaya, ta girgiza kai, bai sake ba. Shi da kansa ya ɗauki akwatin ƙarfen ya mayar saman kabad, don ni tsawona bai kai ba. Na kwafa masa gyaran a filash, ya sa a aljihu, ya ce zai raba wa ɗaliban Baba masu tsofaffin injuna. A bakin mota ya riƙe hannuna ya ce in wani abu ya sami Iya, ni da shi ne. Na ce na ji, kuma na ɗauka.

Motar ta fita lungu, na rufe ƙyaure ya yi kukansa. Da na koma zaure Iya ta riga ta sake kunna turare, ta ce in mayar mata baya kaɗan, daga inda ya yi tari.